Madatsar Ruwa ta Tiga: Yadda Ake Ajiye Ruwan Damina Domin Noman Rani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus kuma ƙurar hunturu ta lulluɓe sararin sama, da zarar ya wuce Kura ya doshi Kadawa zai ga gonaki kore shar a dama da hagu, ga alkama, ga tumatir, ga albasa, ruwa yana gudu a tsakaninsu cikin magudanai. A lokacin an yi wata huɗu ko fiye ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ruwan da ke gudu a waɗannan gonaki ruwan daminar da ta wuce ne, aka tare shi a bayan wata ganuwa ta ƙasa da ke Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, ake sako shi kaɗan-kaɗan.

Dalilin gina ta

Matsalar ruwa a ƙasar Kano ta fi shafar lokacin zuwansa fiye da yawansa. Ruwan sama da ke sauka a shekara yakan kai milimita 800 zuwa 1,000, gwargwadon shekara da kuma wuri, amma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin watan Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a Yuli da Agusta. Daɗin daɗawa, kudancin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa sosai. Saboda haka Kogin Kano, wanda ya taso daga tuddan da ke gefen tsaunukan Jos ya ratso dajin Falgore, yakan cika ya tumbatsa da damina, sa'an nan da rani ya koma rairayi, sai an tona kafin a sami abin sha. Manoman lambu na dā suna ban ruwa da jigo a bakin fadama, amma abin da jigo zai iya shayarwa bai wuce 'yan fangaloli ba.

Gwamnatin Jihar Kano ta zamanin Gwamna Audu Bako ita ce ta ɗauki aikin tare kogin. An fara ginin a 1971 aka kammala a 1974, watau aikin ya zo daidai da babban farin 1972 zuwa 1973, wanda ya halaka dabbobi da amfanin gona a arewacin Nijeriya da Nijar. Wanda ya ga wannan fari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin ajiye ruwa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, daga bisani madatsar da aikin noman ranin da ta haifar suka koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Ganuwar ƙasa mai tare tafki

Mutane da yawa idan aka ce dam, abin da ke zuwa musu a rai shi ne katangar siminti. Ta Tiga ba haka take ba. Ƙasa ce aka jibga, aka daddaɓe ta hawa-hawa da manyan injuna, har tsawonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinta kuma a wuri mafi zurfi ya kai mita 48. Tafkin da ya taru a bayanta, idan ya cika, yana rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, kuma bisa tsarin farko yana ɗaukar ruwa kusan kubik-mita miliyan 2,000. Kubik-mita ɗaya shi ne cikin tanki mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, watau lita 1,000, ko kuwa duro biyar irin na lita 200.

To, yaya aka yi ƙasa, wadda ruwa ke zaizayewa a kowace gona, ta iya riƙe wannan ruwa? Amsar tana cikin yadda ake jera ƙasar. A irin wannan madatsa akan sa yumɓu mai danƙo a tsakiya, tun daga tushe har sama, domin ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya ratsa su sai da ƙyar. A gefe da gefe akan zuba ƙasa mai tsakuwa, wadda aikinta shi ne ta ba ganuwar nauyi. Fuskar da ke kallon tafki kuma akan lulluɓe ta da manyan duwatsu, don kada igiyar ruwa ta riƙa cin ta.

Gindin ganuwar ya fi samanta faɗi nesa ba kusa ba, kuma akwai dalili. Ƙarfin da ruwa ke danna abu da shi yana ƙaruwa da zurfi. A zurfin mita ɗaya, kowane murabba'in mita yana ɗauke da nauyin tan ɗaya na ruwa. A zurfin mita 40, tan 40 ne. Ɗalibi zai iya gwada wannan da gwangwani: ya huda shi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya cika shi da ruwa, zai ga hudar ƙasa ce ta fi feso ruwa da ƙarfi. Abin da kan ba mutane mamaki shi ne faɗin tafki ba ya ƙara wannan danniya ko kaɗan. Da tafkin ya yi nisan kilomita 20 a bayan ganuwa, da ya yi mita 200, muddin zurfin ɗaya ne, ƙarfin da ke tura ganuwar ɗaya ne.

Duk da yumɓun, babu madatsar ƙasa da ruwa ba ya tsatsafowa ta cikinta. Injiniyoyi sun san da haka, shi ya sa sukan sa shimfiɗar yashi da tsakuwa a bayan yumɓun, wadda ke barin ruwa ya wuce amma ta tare ƙasa. Idan ruwan da ke tsatsafowa a gindin ganuwa garau yake, kuma yawansa bai canza ba, babu damuwa. Idan kuwa ya fara fitowa da laka, to alama ce cewa yana kwashe cikin ganuwar, yana haƙa wa kansa hanya, kuma ramin da ya fara kamar na ɓera yana iya buɗewa cikin sa'o'i kaɗan. Don haka ne ba a barin bishiya ta girma a jikin madatsar ƙasa, kuma ake yaƙi da gara da duk wata dabba mai haƙa rami.

Babban abokin gabar irin wannan gini shi ne ruwa ya haura ta samansa. Siminti zai jure, amma ƙasa narkewa za ta yi. Saboda haka kowace madatsa tana da mafitar rarar ruwa, watau wata hanya mai faɗi a gefe, wadda bakinta bai kai tsayin ganuwar ba, ta yadda tafki na cika sai rarar ta malala ta can ta koma kogi. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda, wadda ke kusa da Tiga kuma ba ta kai ta girma ba ko kusa, ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta cinye gidaje da gonaki. 'Yan shekaru bayan haka, a farkon shekarun 1990, aka rage tsayin bakin mafitar Tiga domin sauƙaƙa wa ganuwar nauyi, abin da ya rage yawan ruwan da tafkin ke iya riƙewa. Ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ta sake nuna cewa duba lafiyar madatsa aiki ne na kowace shekara, ba na ranar da aka ga hadari ya haɗu ba.

Daga tafki zuwa fangali

Abin da ya fi ƙayatarwa a tsarin noman rani na Kogin Kano shi ne ba a bukatar injin tura ruwa. Tafkin yana kan tudu, gonakin suna gangare, saboda haka ruwan da kansa yake tafiya. Yana fita daga Tiga ta babbar magudana zuwa wani ƙaramin tafki da ake kira Ruwan Kanya, daga nan ya ci gaba har inda magudanar ta rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma, waɗanda ke shayar da yankunan Bunkure, Kura da Garun Malam. Manyan rassa suna zuba wa ƙanana, ƙanana suna zuba wa na cikin gona. An haƙa su da gangare ɗan kaɗan, wanda ido ba ya ko lura da shi, domin idan gangaren ya yi yawa ruwa zai ci gefen magudana, idan ya yi kaɗan kuma laka za ta kwanta ta toshe ta.

Akwai wata dabara a tsarin da ta cancanci a ambata. Ruwa yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya iso gona daga Tiga, ba zai yiwu a riƙa rufe shi da magariba a buɗe da asuba ba, manoma kuwa da rana suke ban ruwa. Sai aka gina ƙananan kududdufai a cikin yankin, waɗanda ke tara ruwan da ya gudano cikin dare, da safe a sake shi.

A bakin gona manomi yakan ɗebi ruwa da lanƙwasasshen bututu. Yakan nutsa shi cikin magudana har ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗora shi a kan gaɓa, sa'an nan ya saki. Ruwa zai yi ta haurawa yana zuba a gona ba tare da an taɓa shi ba, muddin bakin waje yana ƙasa da saman ruwan magudanar kuma iska ba ta shiga bututun ba. Nauyin ruwan da ke gangarawa ta bakin waje ne ke rage danniya a cikin bututun, iskar da ke danna saman magudana kuma ta turo wani ruwan ya maye gurbinsa.

An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, amma abin da aka gyara aka yi shekaru ana nomawa bai wuce kimanin hekta 15,000 ba. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Alkama ce amfanin da aka fi sa wa rai da farko, domin tana son sanyin hunturu: a shuka ta a tsakiyar Nuwamba, a girbe a Maris, wanda ya makara kuwa zafin bazara zai riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta motse. Nomanta ya haɓaka bayan da gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, ya kuma ja baya da aka ɗage hanin a farkon shekarun 1990. Manoma suka fi karkata ga shinkafa da tumatir da masara da albasa, har Kura ta yi suna da shinkafa, Kadawa kuma da tumatir. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar gwaji a Kadawa inda ake nazarin iri da yawan ruwan da kowane amfani ke bukata.

Lissafin ruwa

Wannan lissafi ne da ɗan aji uku na sakandare zai iya yi. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya kubik-mita 10 ne. Alkama tana shan kimanin milimita 500 daga shuka zuwa girbi, watau kubik-mita 5,000 a kowace hekta. Sai dai ba duk ruwan da ya bar tafki ke isa saiwa ba. Wani yana tsiyayewa ta ɓaragurben magudana, wani yana wucewa ƙarshen gona. A ɗauka rabi ne ke ɓacewa, to kowace hekta tana bukatar a sako mata kubik-mita 10,000. Da a ce duk hekta 15,000 alkama aka shuka, jimla zai zama kubik-mita miliyan 150. Shinkafa tana cin ninkin haka ko fiye.

Yanzu a dubi rabon rana. A wannan yanki zafi da busasshiyar iska suna ɗauke ruwa mai zurfin kusan mita 2 daga saman tafki a shekara. Mita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya kubik-mita miliyan ɗaya ne. Ke nan tafki mai murabba'in kilomita 178, da zai zauna a cike, zai yi asarar sama da kubik-mita miliyan 350 a shekara. Gaskiya ne ruwan sama da ke zuba a kan tafkin yana mayar da wani kashi, kuma faɗinsa yana raguwa da rani, amma duk da haka abin da ke tashi sama ya isa ya yi gogayya da abin da gonaki ke sha. Wannan ita ce illar tafki mai faɗi a ƙasa mai zafi. Akwai kuma laka da rairayi da kogi ke kawowa kowace damina, waɗanda ke kwanciya a gindin tafki suna cin wurin ruwa, kuma sare itatuwa da noma a gaɓar kogi suna ƙara yawansu.

Ban da gonaki, birnin Kano ma yana da rabo, domin ruwan da ake saki cikin kogi shi ne matatar Tamburawa ke ɗauka ta tace wa jama'a. Masunta kuma sun sami wurin sana'a a tafkin.

Cuta da gishiri

Ruwan da ke tafiya a hankali cikin magudana mai ciyawa gida ne ga wasu ƙananan dodon koɗi, waɗanda tsutsar tsargiya ke rayuwa a jikinsu. Mai ciwon yakan yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, bayan 'yan makonni tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Yara masu wanka a magudana su suka fi kamuwa, kuma jinin da ake gani a fitsarinsu ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke zato, ciwo ne da ke da magani a asibiti. Sauro ma, da a dā yake ɗaukewa da rani, ya sami wurin hayayyafa duk shekara.

Ƙasar gona ita ma tana da nata ciwon. Manomin da ke kusa da bakin magudana yakan zuba ruwa fiye da kima, tun da ba a auna masa, na ƙarshen layi kuwa ya rasa. Rarar tana nutsewa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hauhawa shekara bayan shekara. Idan ya matso kusa da sama, saiwa ba ta samun iska, sa'an nan ƙasa ta riƙa zuƙo shi kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir, rana ta busar da shi, gishiri da kanwar da ke narke a ciki su zauna a saman gona fari fat. Maganin abin shi ne lambatun da ke kwashe rarar ruwa, waɗanda tun farko suna cikin tsarin, amma aka bar da yawa suka cike, wasu ma aka shuka shinkafa a cikinsu. Gyaran magudanai da lambatu da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na cikin manyan ayyukan shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 domin farfaɗo da noman rani a arewa, wanda ya haɗa da na Kogin Kano.

Mutanen ƙasan kogi

Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu kafin tafkin ya cika. Amma waɗanda abin ya shafa mafi yawa suna can nesa, ba su ko taɓa ganin Tiga ba. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja. Bayan ya wuce Wudil, kogin yana barin ƙasar dutse ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi, inda yake rarrabuwa ya malale a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, daga nan ya zama Komadugu Yobe, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta yankin Diffa zuwa Tafkin Cadi.

Ga mutanen waɗannan fadamu, malalar ruwa ta shekara-shekara ita ce abincinsu. Da ita ake noman shinkafar fadama. Idan ruwa ya ja, a shuka wake da sauran amfani a danshin da ya bari. Kifi yana hayayyafa a cikinta. Makiyaya suna samun ciyawar rani. Ruwan da ya nutse kuma shi ke cika rijiyoyi. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ma a nan suke yin hunturu, musamman a Dagona. A shekarun 1960 filin da ruwa ke rufewa yakan haura murabba'in kilomita 2,000, amma a shekarun 1980 ya koma ƙasa da rabin haka. Ba za a ɗora wa Tiga laifin duka ba, domin shekarun fari ne, 1984 ma ta fi kowace muni. Sai dai da aka kammala madatsar Challawa kusa da Ƙaraye a 1992, madatsun biyu suka riƙe kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja.

A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa a wurare biyun. Suka haɗa darajar noma da kamun kifi da itacen wuta na fadamun, suka raba da yawan ruwan da ake bukata, sai suka ga cewa kowane kubik-mita ya fi kawo amfani a fadama fiye da gonakin Kogin Kano, da rata mai yawa. Lissafin ya dogara da farashi da yawan girbi na wancan lokaci, amma ya tilasta wa masu tsara ayyuka su daina ɗaukar ruwan da ya wuce madatsa a matsayin wanda ya tafi a banza.

Wata illar kuma babu wanda ya hango ta. A dā kogin yakan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka fara sakin ruwa duk shekara, sai ciyawar kacalla ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare laka, har wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya karkata ta reshen Marma zuwa Nguru. Sakamakon haka wasu garuruwa gonakinsu suka nutse dindindin, wasu kuma suka rasa ruwa ɗungurungum, ga tsuntsayen jan-baki da suka mai da kacallar maɓoya suna afka wa shinkafa da gero.

Masana sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa a watan Agusta, ya haɗu da cikar Kogin Jama'are domin a kwaikwayi malalar dā, a kuma rage saki da rani don kacalla ta bushe. Aiwatar da haka yana da wuya, domin bututan sakin ruwa na Tiga ba a yi su don wannan aiki ba, kuma birnin Kano da gonakin rani ba za su iya jiran damina ba. Tun da aka ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe a 1991, jihohin da maganar ta shafa suka ƙaru. A 2006 gwamnonin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato suka yi taro a Damaturu, suka amince da tsari ɗaya na kula da ruwan kogunan, suka kuma kafa asusu na musamman, wanda daga cikin ayyukansa har da yashe hanyoyin ruwan da kacalla ta toshe.